Matajin da Ya Ƙi Ɗaga Takarda

Shekarar da na gama jami'a, wata sakandare mai zaman kanta a Wudil ta ɗauke ni koyarwa, amma na gwaji. Sharaɗin shi ne in yi darasi ɗaya a gaban mai makarantar, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, da shugaban sashen kimiyya. In sun gamsu a riƙe ni. In ba su gamsu ba in koma Kausani wurin mahaifina, wanda ya riga ya shaida wa kowa cewa ɗansa malamin fiziks ne.

Na zaɓi darasin cajin lantarki. Da rani na gwada shi ya fi a ƙirga. In na goga matajin roba a tsumman ulu na kai shi kusa da gutsattsarin takarda, sai su yi tsalle su manne. Leda biyu da aka goga, in an rataye su da zare, sai su yi ta gudun juna, don caji iri ɗaya ne a jikinsu. Burina yara su gani da idonsu cewa ƙarfin yana aiki ba tare da an taɓa ba, kuma yana raguwa da sauri in an ja baya.

Sai aka yi ta ɗaga ranar. Alhaji yana kasuwa, Alhaji ya tafi Umara, har damina ta zauna.

Ba na so in zalunci shugaban sashen, wataƙila yana da ilimin da ban gani ba. Abin da na gani dai wani tsohon littafin rubutu ne da bangonsa ya zube, yana karantowa, yara na kwafa. Kayan gwaji suna kulle a kabad, makullin yana aljihunsa, don kada su lalace da amfani.

Na same shi, muka gaisa, na tambayi iyali da gona, sannan na ce, "Malam, ina ganin kamar gwajin nan zai iya ba da matsala yanzu. Danshi yana kwanciya a jikin roba, cajin ya zurare."

Bai ɗago kai ba. "Wato fiziks ɗinku na jami'a sai an duba masa hadari? Namu da damina ma yana ci."

"Ba haka nake nufi ba, Malam."

"To me kake nufi, Farfesa?"

Na ba shi haƙuri na fita.

Ranar da aka sa, an yi ruwa tun asuba, tagogin ajin duk sun jiƙe. Na goga mataji na kai kan takardu. Ko motsi. Na sake gogawa har hannuna ya yi zafi. Ledojin nan suka rataya jikin juna kamar shanya. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya ce, "Malam, wai me muke jira ya faru?"

Shugaban sashen ya miƙe a hankali, ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, takardar ɗagawa take yi, haka yake a littafi. Ku rubuta: da aka goga mataji, takarda ta ɗaga." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Malam?"

Takardun suna kwance a kan tebur, kowa yana kallonsu. Na tuna mahaifina. Na ce, "E to, kusan haka ne, a bisa ƙa'ida."

Yara arba'in da wani abu suka duƙa suka rubuta abin da bai faru ba, a ƙarƙashin layin da aka ware don abin da suka gani da idonsu. Alhaji ya ji daɗi, ya ce yana son malami mai ladabi. Aka riƙe ni.

Da rani ya dawo na maimaita gwajin a gaban yaran nan dai, ba wanda ya sa ni. Takardu suka yi ta tsalle, ledoji suka buɗe. Shugaban sashen yana wucewa ya leƙo ta taga, ya kalla, ya ce da yaran, "Ai tun bara na gaya muku."

Suka duba littattafansu, suka ga kuwa haka aka rubuta. Ni ma na gyaɗa kai.