Ranar da Na Cire Sunan Yaya

Ni da yayana zanen gidaje muke yi, a wani ɗan ofis da ke bayan kasuwar Daura. Shi ya koya mini aikin. Abokan aikinmu uku a warwatse suke, ɗaya a Zango, biyu a Katsina, don haka a kan allunan intanet muke haɗuwa. Kowa ya buɗe daga inda yake, ya yi zane, ya manna hoto, ya bar wa ɗan'uwansa saƙo.

Allunan sun yi yawa, kuma a hargitse suke. Yaya kaɗai ya san inda kome yake.

Wata Litinin bayan azahar ya ce, "Auta, jera mana allunan nan. Kowane aiki da wurinsa, kowane kwastoma da nasa, masu zane daban, masu duba gini daban."

Na ce, "Yaya, ai kana nan."

Ya ce, "Kai dai yi."

Mako biyu ina yi ina gunaguni. Shi kuwa yana zaune gefena, ya ba kwamfutar baya, yana jero mini su da ka: masallacin wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, shagunan alhajin nan mai gyaɗa, gidan malamar da ta sauya wa ɗakin girkinta wuri sau huɗu. Har na ce wa matata Yaya ya fara son jiki.

Da muka zo kan masu zane, na sa sunansa a sama. Ya ce in cire.

"To in sa ka ina?"

"Kada ka sa ni ko'ina." Sannan ya ƙara da cewa, "Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma na makara. Na hagu ya tafi tun da damina. Na daman ma kamar ta kafar allura nake leƙen duniya."

Kullum kwano ɗaya muke ci da rana, amma ban lura ba. Da ƙyar na ce ba zan cire ba. Ya lalubo hannuna ya ɗora a kan linzamin kwamfutar.

"In sunana na nan, za su yi ta jiran in duba musu aiki. Cire, Auta."

Na cire.

Yanzu yana gida. Ranar Juma'a nake zuwa in riƙe hannunsa mu tafi masallaci. A hanya yakan tambaye ni aikin da muke ciki, wani lokaci har ya gyara mini kaurin ginshiƙi. Wani lokaci kuma ina cikin bayani sai ya ce mu bar maganar.