Ranar da Kwamfutar Inna Ta Ƙi Tashi

Wata Asabar ce cikin bazarar 1999, ina da shekara goma sha ɗaya, muna zaune a unguwar Zariya ta Maradi. Sojoji ba su daɗe da karɓe mulki ba, malamai kuma suna yajin aiki, don haka babu lakwal, wato makaranta. Na share tsakar gida, na ba awaki dusa, ƙawayena suna ta ƙwala mini kira in fito mu yi carafke. Kafin in fita sai na leƙa ɗakin Inna, na yaye zanen da take rufa wa kwamfutarta, na danna maɓallin da nake ganin tana dannawa. Sunana kawai nake so in rubuta in gani a gilashin. Sai ta yi kuka sau uku kamar ɗan tsako, gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Na mayar da zanen na fice, amma ranar ko dutse ɗaya ban iya cafewa ba.

Da can Inna sakatariya ce a wani shirin raya karkara. Bayan juyin mulkin 1996 masu shirin suka tattara suka tafi, suka bar mata kwamfutar da take aiki da ita. Da ita take buga wa mutane takardu a gida, kuma kusan da ita muke ci, tunda aikin Baba na koyarwa yau ana yi, gobe an tsaya. A satin nan ta kwashe kwana huɗu tana buga takardar matan Jiratawa masu noman zogale, waɗanda ke neman fili kusa da ruwa. Sunayensu duk suna ciki, kuma Litinin za a rufe karɓa. Da ta kunna ta ga yadda ake ciki ba ta tuhumi kowa ba. Zama ta yi a bakin gado ta rafka tagumi, ni kuma na gwammace bulala da wannan tagumin.

Baba ne ya tuna da Malam Ishaya, wani Kirista ɗan Tsibiri da suka taɓa koyarwa tare, wanda ya iya gyaran irin waɗannan na'urori. Aka naɗe akwatin kwamfutar da bargo, aka ɗora ni bayan babur na rungume shi. Muka bi ta gonakin gero da aka share ana jiran ruwa, kowane rami muka faɗa sai gabana ya faɗi tare da shi.

Malam Ishaya ya kwance ta a kan tabarma, ya zaro wani ɗan siririn falle kore, ya ce ƙwaƙwalwarta ke nan, zafi ne ya sa ta saki. Ya goge haƙoranta ya mayar, ya ƙara mata wata da ya ciro daga matacciyar kwamfuta. Yana kai hannu zai kunna na fashe da kuka.

"Baba, ni na taɓa ta da sahe."

Malam Ishaya ya yi dariya. "Ɗiyata, share hawayenki. Ko ba ki taɓa ba, a hannun uwarki za ta ƙiya."

Ya jona ta da gilashinsa, ta yi kuka sau ɗaya tak, haske ya kawo. Can sai ga sunayen matan a jere, babu wanda ya ɓace. Baba ya yi hamdala, Malam Ishaya ya gode wa Ubangiji, ni kuwa sai a lokacin na ji ƙishirwa ta kama ni. Ran Litinin da hantsi takardar ta isa inda ake jiranta, kuma kafin kaka matan sun sami filinsu.

Tun daga nan ta zama 'yar zuwa Tsibiri. Da cikinta ya cika aka sa mata babban ma'aji. Da aka daina yayin disket aka buɗe mata wurin faifai, daga baya kuma na kile, ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka mata. Duk lokacin da wani ya ce wa Inna ta yar da tsohuwar nan, amsarta ɗaya ce: "Da tsohuwar zuma ake magani." A kanta na koyi buga rubutu da yatsu goma bayan na gama daka da wanke-wanke, a kanta na buga takardar neman shiga jami'a. Sai a 2010 babban allon cikinta ya ƙone, Malam Ishaya ya duba ya ce wannan karon ta gama aikinta. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara bayan ranar da na ɗauka na kashe ta.

Yanzu wayar da ke hannuna ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita ce ta huɗu cikin 'yan shekarun nan. Kwanan baya na kai ta ukun wurin masu gyara a Sabon Gari, mai shagon ya jujjuya ta ya miƙo mini, ya ce in sayi sabuwa. Ina kewar lokacin da in abu ya gaza, sai an buɗe shi an duba kafin a yanke masa hukunci.