Inna ta raba maganinta kamar goro

"Inna, ina ƙwayoyin nan?" na tambaya ina girgiza kwalbar.

Ciwon daji take fama da shi. Likita ya ce ƙarin ruwan da ake mata yana ƙone har naman da ke lafiya, ƙwayoyin nan ne ke kare shi. Da ƙyar muka samo su daga Yamai.

Ta ce, "Kawunka na Tibiri ya zo dubiya da mutanensa, goro ya ƙare. Su tafi hannu rabbana?"

Na kira Kawu ina huci. Ya ce, "Yaro, maganin nan da kyau, gwiwata ta saki. A ƙaro!"

Yau bakin Inna duk gyambo, Kawu kuwa yana yawon kamfe garau. Jama'a, gidanmu kaɗai ne masu lafiya ke shanye maganin majinyaci?