Bashar da Tambayar Iyo

Har yau ina tuna ranar da muka zauna ɗaukar malaman gona a kamfanin shinkafar da na yi wa aiki a Birnin Kebbi. Ni ce sakatariyar kwamiti, aikina rubuta amsoshi da makin kowa. Shugabanmu Malam Umaru ne, manajan gona, ɗan masuntan Argungu.

Aikin na zagayawa ne wurin manoman fadama, kuma da damina sai an shiga kwalekwale. Saboda haka duk wanda ya shigo sai Malam Umaru ya tambaye shi ko ya iya iyo.

Mutum biyu suka ce sun iya. Na farko ya amsa ido cikin ido, bai ƙara komai ba. Na biyu Bashar ne daga Gwadangaji, magidanci mai fara'a da yawan zance. Ya ce ai shi a ruwa ya girma. Malam Umaru ya ce wa kowannensu, "Madalla. Gobe mu haɗu Argungu, bakin gulbi."

Muna tattara takardu sai ga Bashar ya dawo, hula a hannu.

"Ranka shi daɗe, ƙarya na yi. Ko rijiya ba na iya leƙawa."

"Mi ya kai ka?"

"An ce mini a intabiyu ba a cewa ban iya ba. Kuma ni ba na son in ga fuskar babba ta canza saboda amsata. Amma na kai bakin ƙofa na tuna ina da 'ya'ya uku."

Malam Umaru ya yi dariya har da hawaye.

Washegari na farkon ya je gulbi, ya ce ƙafarsa na ciwo. Da aka ce ya dawo wani mako, sai ya ce an raina shi, ya tafi.

Na yi gardama a kan ɗaukar Bashar, na ce maƙaryaci ne. Malam Umaru ya ce, "Hajiya, kunya ta sa shi ƙarya, tsoro ya dawo da shi. Wancan kuwa gani yake ƙarya wayo ce."

Aka ɗauke shi, aka saya masa rigar ruwa mai hana nitsewa. Manoman Ambursa suka so shi ƙwarai, don idan bai san abu ba yana faɗa musu.

Ku da za ku zauna a kujerar ɗaukar ma'aikata, ku sani kusan kowa yana ƙara wa kansa gishiri a gabanku. Ku ba shi hanyar komowa, sannan ku duba ko zai biyo ta.