Rumfar da Na Kafa wa Baba Shimon

Ranar Asabar ce. Na tashi ƙarfe shida saura kwata, na yi sallar Asuba a ɗakina na saman bene. Gari da ɗan sanyi. Daga ƙasa ina jin Baba Shimon yana tari yana neman takalminsa, Mama Rifka tana yi masa faɗa ya sa rigar sanyi. Kullum haka suke wayar gari. Na yi murmushi na koma kan littafina.

Shekarata biyu ke nan a gidansu, a unguwar Glenwood cikin Greensboro. Daga Malumfashi na zo karatun aikin gona. Su Yahudawa ne, tsofaffi, ba ɗa ba jika. Daga Turai suka zo bayan babban yaƙin duniya, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci wani ɗan'uwa da ya rage a can ba. Baba da Mama nake ce musu. Tun suna dariya har suka saba amsawa.

Makon bikin rumfa ne. Duk kaka sukan kafa rumfa, su yi kwana bakwai suna cin abinci a cikinta, don tuna zaman da kakanninsu suka yi a jeji bayan fitowarsu daga Masar tare da Annabi Musa. Baba ya fi shekara ashirin yana kafa tasa a lungun baya, tsakanin shinge da garwar shara. A shekarata ta farko da na gan ta sai da na riƙe ciki don dariya. Na ce masa a garinmu ko kaji ba za su yarda su kwana a nan ba.

Da shekara ta zagayo na ce ni zan kafa. Ya taɓa gaya mini cewa ladan rumfar yana cikin karɓar baƙi. Na ce to wane baƙo ne zai lalubo ka a bayan garwar shara? A wajenmu a ƙofar gida ake kafa rumfa, mai wucewa ya yi sallama a ba shi ruwa. Mama Rifka ta ce a'a, sau biyu. Baba ya daɗe yana kallon titi ta taga. Sannan ya ce, "Kafa ta a gaba, Lawal. Na gaji da ɓuya."

Na je gonar wani manomi a McLeansville na ciko mota da karan masara. Na zaɓi busassu, waɗanda suka fi kyau. Na yi rufi irin na gida, wanda ko ɗigon ruwa ba zai ratsa ba. Baba ya ɗaga kai ya ce ban iya ba. Dole a bar kafofi, yadda na ciki zai hangi sama. Na hau na zare kara ɗaya-ɗaya ina gunaguni, shi yana ƙasa yana ba da umarni kamar sarkin magina. Da na sauko ya kama hannuna ya riƙe. Na yi alfahari da rumfar nan, ba zan ɓoye ba.

Kwana huɗu muna cin abinci a ciki, a idon kowa, tsofaffin Yahudawa biyu da baƙar fata ɗaya. Maƙwabta sukan ɗaga hannu. Ranar Alhamis da la'asar wata koriyar a-kori-kura ta wuce a hankali. Ta sake dawowa ta wuce. Na ɗauka ni kaɗai na lura. Na yi shiru, don kada Mama ta ce ai ta faɗa.

Ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar ɗin suka dawo daga wurin ibadarsu, a ƙafa. Ranar Asabar ba sa shiga mota, ba sa kunna wuta, ba sa ɗaga waya. Sha biyu da kwata muka zauna. Burodi biyu a rufe a kan tebur. Baba ya miƙe da kofi a hannu ya fara addu'a.

Na ji ƙarar injin koriyar a-kori-kurar nan tun daga kwana. Sai birki. Sai ƙofofi biyu suka buɗe.

Mutum uku ne. Ba su rufe fuska ba. Na tsakiya ya yi ihu, "Ku fito!" Ya bi da zagi iri biyu, ɗaya nasu, ɗaya nawa. Na ga kwalba a hannunsa, da tsumma a bakinta yana ci da wuta. Ya wurgo. Ta fashe a kan rufin.

Duk wanda ya taɓa ƙona gona ya san yadda busasshen kara yake kamawa. Kafin in miƙe sama ta zama ja. Ƙarar kamar ana yaga sabon yadi. Sai harbi. Ɗaya. Biyu. Gilashin tagar falo ya zubo. Na uku ya wuce ta gefen kunnena ya shiga katakon baranda.

"Ƙasa! Ku kwanta!" Ni ne na faɗa, da Hausa. Ban san da Hausa na faɗa ba sai daga baya.

Na ja Mama ta ƙarƙashin tebur na tura ta cikin gida. Na juyo. Baba yana tsaye inda yake, kofin yana hannunsa, hannun rigarsa yana ci da wuta. Bai yi ihu ba. Idonsa yana kan mutanen, amma ba su yake gani ba. Na fizge ƙyallen tebur na naɗe masa hannu. Na sungume shi. Ban taɓa sanin ba shi da nauyi haka ba.

Sha biyu da minti ashirin da biyar muna cikin kicin, agogon bango yana gabana. Motarsu ta tashi. Na ɗauka sun tafi. Baranda ta riga ta kama, hayaƙi yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Sai na sake jin injin yana dawowa ta ɗaya titin.

"Baya! Ku bi ta baya!" na ce musu.

Tsohuwar motata tana lungu. Na buɗe ƙofa, Mama ta shiga. Baba ya tsaya cak. Ya dafa rufin motar ya girgiza kai. Tun yana yaro bai taɓa shiga mota da son ransa ranar Asabar ba. Mama ta leƙo ta daka masa tsawa da harshensu, kalma uku ko huɗu. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ya sunkuya ya shiga.

Motar ta ƙi tashi. Na murza sau biyu. A na uku ta kama. Muna fita daga lungu na hango su a madubi. Hanyar asibiti ta gabansu take. Na karya kan mota gabas, wajen unguwar baƙar fata, inda na san kowane lungu kuma na san ba za su so shiga ba. Na tsallake jar wuta biyu. Sun bi mu har gadar jirgin ƙasa. Daga nan madubi ya zama fanko.

Mama tana riƙe da burodi ɗaya, ban san lokacin da ta ɗauka ba. Daga nesa muka ji jiniyar 'yan kwana-kwana tana nufar inda muka baro.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma na tsaya a ƙofar Alhaji Sani, wani dattijo ɗan Kano da ya daɗe a garin. Bai tambayi komai ba. Ya dubi rigata, ya dubi tsofaffin, ya ce, "Hajiya, kawo ruwan sanyi, maza." Shi ya buga wa 'yan sanda waya. Na ce mu tafi asibiti. Baba ya ce ƙunar ba ta kai ba, ya shiga mota sau ɗaya ya isa. Na bar shi. Wannan ne kuskurena na uku, bayan kawo rumfa gaba da shirun da na yi ranar Alhamis, kuma na san adadinsu.

Baba ya ce a ba shi kofi, bai ƙarasa addu'arsa ba. Hajiya ta kawo lemon inabi na kwalba. Ya miƙe a tsakar falon Alhaji, hannu a naɗe, ya faro ta daga farko har ƙarshe. Ya gutsura burodin ya ba kowa.

Biyu da rabi ya dafe ƙirji. Uku saura kwata muna asibiti, Alhaji ke tuƙi. Ƙarfe biyar da minti goma likita ya fito ya cire tabarau. Ya ce zuciya ce.

Gidan bai ƙone duka ba. Gaban ne ya tafi, da falo, da ɗakina na sama. 'Yan sanda sun rubuta abin da na faɗa. Sun kira ni sau ɗaya. Ban sake ji daga gare su ba.

Ranar Litinin aka binne Baba. Bisa al'adarsu ba a zaman makoki cikin biki, sai da ya ƙare Mama ta zauna, a gidan wata ƙawarta, kan 'yar gajeriyar kujera. Na durƙusa a gabanta na gaya mata maganar a-kori-kura ta ranar Alhamis. Na so ta zage ni. Ta ce, "Shi ma ya gan ta, Lawal. Ya ce kada in gaya maka." Sannan ta ce in je in ci abinci, na rame.

Kwanakin farko gidan a cike yake. Rana ta shida da safe aka yi ruwa. Tsofaffin da suka saba ibadar safiya tare da Baba ne kaɗai suka zo. Addu'ar da ake yi wa mamaci ba ta yiwuwa sai maza Yahudawa goma sun taru. Ɗayansu ya bi ɗakin da ido yana motsa leɓe. Ya sake bi. Idonsa ya zo kaina a bakin ƙofa, ya ɗan tsaya, ya sunkuyar da kai.

Suka jira har ƙarfe takwas. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Shekara da shekaru su goma ne cif. Ranar nan su tara ne. Suka ninke mayafansu na ibada, suka yi wa Mama sallama, suka fita cikin ruwan.