Ranar da Aka Tambayi Abokina Asalinsa

Tare muka tashi a Gwarzo, ƙofar gidansu na kallon tamu. Mahaifinsa Bayarabe ne mai gyaran agogo da rediyo, ya zo garin tun ba a haife mu ba. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya, manja take sayarwa. Shi kuwa abokin nawa a Gwarzo aka binne cibiyarsa, malami ɗaya ya rubuta mana allo. Yarabanci sai dai ya ji, in ya ce zai mayar, Iya ta yi ta dariya har da hawaye.

Ya fi mu kai, wannan ba gardama. A shekarun tsuke bakin aljihu, ni na tsaya a aikin koyarwa a wata firamare a Kabo, shi ya samu tafiya Masar karatun likitan haƙori. Ya gama, ya yi aiki a can, sannan ya dawo a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Baƙi da yawa na tattara komatsansu saboda fargaba, shi kuwa da murna ya dawo. Burinsa ya buɗe ɗan asibiti a Gwarzo, don a lokacin mai ciwon haƙori daga Getso ko Lakwaya sai ya dangana da birni, ko ya miƙa bakinsa ga mai cirewa a kasuwa.

Aka ce masa wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna a makarantar likitocin haƙori ta gida na ɗan lokaci kafin a sakar masa mara ya yi aiki, kuma gurbin kaɗan ne. Ya nemi wata a nan Arewa, aka kira shi ganawa, na raka shi.

Ina zaune a baranda ya fito. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

"Yaya dai, mutumina? Tambayoyin sun yi tsauri?"

"Ba a tambaye ni haƙori ko ɗaya ba," in ji shi. "An ce ɗan ina ne ni, na ce Gwarzo. Sai wani ya ce, a'a, asalinka muke tambaya."

Na ce ƙila raha ce. Ai akwai wani dattijo ɗan Kabo da ke aiki a ofishin makarantar, abokin mahaifina ne, ya kuma san gidan su Iya sarai, don a can ake gyara masa rediyo. Na shiga wurinsa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da jikin kakata. Da na kawo maganar, sai ya tura ƙofa.

"Yaro, kai me ya kai ka? Gurbin nan ko 'yan gida bai isa ba."

"Baba, ai ɗan gida ne. Gabanka aka yi masa suna."

"Na sani, har naman sunan na ci. Amma haihuwa daban, asali daban. Ya tafi wajen danginsa mana, su ma haka suke yi wa namu."

Da baƙo ne ya faɗa, da na ce rashin sani ne. Abin da ya fi girgiza ni shi ne babu ƙiyayya a muryarsa ko kaɗan, ya faɗe ta ne kamar mai ba da labarin damina. Har ya ce in gaida Iya.

Ba a ɗauke shi ba. An ce takardunsa na Larabci ne, fassarar ba ta gamsar ba. Mai yiwuwa hakan ne, ban san abin da aka tattauna a ciki ba. Na dai san cikin waɗanda aka ɗauka akwai wanda ƙasa ɗaya suka yi karatu.

Mahaifinsa ya ce ya gwada Kudu. Ya tafi, bayan kwanaki ya sauka wurina a Kabo, ya same ni ina sallamar yara. Muka zauna ƙarƙashin darbejiyar makaranta.

"Can kuma fa?"

"Sun gaishe ni da Yarabanci, na kasa mayarwa daidai. Ɗaya ya dubi gemuna ya ce, kai ai Bahaushe ne, ku da kuka samu shari'a me za ku yi da mu? Ya ce wai zan iya duba bakin mace kuwa?"

Ya yi dariya, ni na kasa. Sai na kira mai fura, muka sha ba wanda ya ji daɗinta.

Kafin shekara ta zagayo ya koma Masar, ya yi aure a can. Iya ta ƙi bin sauran baƙin da suka bar garin, ta ce ita ba ta san wani gari ba. A Gwarzo ta rasu, mu muka ɗauki makararta, shi bai samu isowa ba sai bayan sadakar bakwai.