Abin da na faɗa a bakin gada

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na ɗaga ƙofar shagon ɗinki, na share gabansa, na ɗora shayi. Ƙararrawar coci ta kaɗa kamar kullum.

Karatu ne ya kai ni Sham daga Kano, ban kuwa gama ba. Lalaci na yi. Kunyar komawa gida ta kora ni arewa, wani ƙaramin gari a bakin kogi, na kama aiki wurin wani tela Bakurde, Mam Rasho. Mam a yarensu kawu ke nan. Kurdawa Musulmi suna ta tudu, Assuriyawa Kiristoci ta gangare. Tsofaffi sun ce su ma Assuriyawan gudun kisa ne ya sauko da kakanninsu daga duwatsu.

Yonan, mai gyara mana keken ɗinki, cikinsu yake. Shi ya riƙe ɗan Mam Rasho a cinya ranar kaciya, jinin ya zuba a rigarsa. A al'adar garin wanda ya yi haka ya zama ɗan'uwa. Ba a auratayya tsakanin gidajen biyu, ba a kuma miƙa shi ga maƙiyi. Na san da wannan. Sau uku aka ba ni labarin.

Tara da rabi muka ji ƙarar roka ta farko daga yammacin gari. Gilashi ya girgiza. Ta biyu ta sauka a kasuwar hatsi. Sai ƙananan bindigogi, ba ƙaƙƙautawa. Yonan yana durƙushe yana ɗaure keke. Matarsa kuwa tana ƙetaren kogi, gidan yayarta.

Ƙarfe goma Mam Rasho ya tayar da a-kori-kura. Ya jefa katin shaidar Yonan a cikin garwashi, ya naɗa masa rawanin Kurdawa. Matar Mam Rasho ta cire gicciyen wuyan Yonan ta cusa a ƙirjinta. Muka hau: su biyu, 'yan matansu biyu, Yonan, da ni. Ɗan nasu ba ya gari.

Sha ɗaya da kwata muka isa gada. Mutane ne da fuska a rufe.

"Ku sauka! Maza nan, mata can!"

Suka duba kati ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya nuna Yonan da bakin bindiga.

"Wannan fa?"

Mam Rasho ya ce ɗan'uwansa ne. Aka ce ya rantse. Ya rantse da Allah, muryarsa ba ta yi rawa ba, don ba ƙarya ya yi ba.

Sai mutumin ya juyo kaina. Ya tokare min haɓa da ƙarfen. Da zafi.

"Kai baƙi! Karanta Fatiha!"

Na karanta.

"Uwarsu ɗaya?"

Na ce a'a. Iyakar tambayarsa ke nan. Da na yi shiru, wataƙila ya ɗauka 'yan uba ne. Amma ya ci gaba da kallona, ni kuma fitsari na bin ƙafata. Na ce, "Kirista ne."

Ba wanda ya tambaye ni.

Yonan ya kwance rawanin, ya ninke shi, ya miƙa wa Mam Rasho. Bai dube ni ba. Mutum biyu suka gangara da shi ƙarƙashin gada.

"Ku wuce!"

Na kasa kunne har muka yi nisa. Ban ji harbi ba. Ban ji komai ba.

Mai ya ƙare da azahar. Kwana biyu muka yi a ƙafa zuwa iyaka. Mam Rasho bai zage ni ba. In an gutsura burodi, yakan ajiye nawa a kan dutse ya matsa.

A sansanin 'yan gudun hijira matar Yonan ta same mu. Mam Rasho ya ce mata an tsare shi a gada. Bai ƙara ba. Ina tsaye a bayansa, ni ma ban ƙara ba.

Yanzu a Sanyuanli nake, wata unguwar fatake a can gabas mai nisa, ina ɗaure wa 'yan Maraɗi dilolin kaya. In mun fito sallar Juma'a sukan ce, "Malam, ashe ka ga yaƙi, Allah ya yi da sauran kwana." In ce Alhamdulillahi. Wani lokaci su tura ni gaba in ja salla.

Mu shida muka fita daga shagon, biyar muka ƙetare. Mam Rasho ya rasu a sanyi na biyu. Ranar da na bar sansanin, matar Yonan tana bakin shingen waya tana leƙa motocin da ke shigowa. Ta ɗaga min hannu, ta ce Allah ya kiyaye hanya.